Mata da Karatun Injiniya: Tarihin Ƙofar da Ake Buɗewa Ana Rufewa



Akwai wata magana da muka taso muna ji a gida da makaranta, wai karatun injiniya na maza ne, mace in ta so boko sai ta nemi koyarwa ko aikin jinya, in ta yi nisa likitanci. Da yawanmu kuma mun ɗauka cewa ƙasashen Turawa ne suka fara rushe wannan magana, sauran duniya na biye da su. Alƙaluma ba su goyi bayan haka ba. Rahoton kimiyya da hukumar UNESCO ta fitar a 2021 ya nuna cewa cikin kowane mutum 100 da ke kammala digirin injiniya a Aljeriya, 48 mata ne. A Tunisiya 44, a Maroko 42. A Faransa kuwa 26 ne, a Amurka 20, a Japan 14. Ruwa ba ya tsami banza. Da ƙwaƙwalwar mace ce ke hana ta wannan karatu, da adadin ya zo kusan ɗaya a ko'ina. Tunda bai zo ɗaya ba, bari mu koma tarihi mu ga wa ke riƙe da makullin ƙofar waɗannan makarantu, yaushe ya buɗe, kuma me ya sa shi buɗewa.

Mu fara da asalin makarantun kansu. Karatun injiniya na zamani a hannun soja ya girma, domin gwamnatoci na buƙatar masu gina ganuwa da gadoji da masu lissafin harba igwa. Faransa ta kafa babbar makarantarta ta Politeknik a birnin Faris a 1794, Napoleon kuma ya mayar da ita ta soja a 1804, ɗalibanta suna sa kaki suna fareti. A Amurka ma makarantar soja ta West Point, wadda aka kafa a 1802, ita ce ta fara koyar da injiniya a tsare. Hatta sunan da Turawa suka laƙaba wa mai gina hanyoyi da gadoji, ma'anarsa injiniyan farar hula, don a bambanta shi da na soja. Makarantar da aka gina domin sojoji ta riga ta cire mata tun daga tushe, kuma waɗanda aka gina daga baya sun gaji wannan ɗabi'a ba tare da sun tambayi dalili ba.

Duk da haka mata sun taɓa aikin tun kafin a ba su takarda. Gadar Brooklyn ta birnin Niyok misali ce. Babban injiniyanta, Washington Roebling, ya kamu da ciwon da ke kama masu aiki a ƙarƙashin ruwa cikin matsananciyar iska, ya kwanta ba ya iya zuwa wurin aiki. Matarsa Emily ta zauna ta koyi lissafin aikin da ƙarfin ƙarfe da yadda ake ɗaure igiyoyin waya. Sama da shekara goma ita ce ke kai umarni wurin aiki, tana amsa tambayoyin injiniyoyi da 'yan kwangila da 'yan siyasa. Da aka gama gadar a 1883, ita ce ta fara haye ta a keken doki. Ba ta da digirin injiniya, kuma sunan mijinta ne ke kan muƙamin har aka gama.

Waɗanda suka fara samun takardar kuwa sun tarar da wata ƙofar a bayan ta farko. Alice Perry ta ƙasar Ayalan ta kammala digirin injiniya a kwalejin Galway a 1906 da sakamako mafi girma. A shekarar mahaifinta, wanda shi ne safiyon yankin, ya rasu, aka ɗora ta a matsayin muƙaddashiya, ta yi watanni tana yawon duba hanyoyi da gadoji. Da aka zo naɗa na dindindin ta nema, aka ba wani. Daga baya ta koma aikin sufeton masana'antu a Landan. Elisa Leonida ta ƙasar Romaniya kuwa makarantar gadoji da hanyoyi ta Bukares ce ta ƙi karɓarta don ita mace ce. Ta tafi Jamus, ta shiga babbar makarantar fasaha ta Balin a 1909, ta fito da digiri a 1912, ta dawo gida ta yi shekaru masu yawa tana jagorantar ɗakunan gwaji a cibiyar binciken ma'adinai ta ƙasarta. A Amurka, Nora Stanton Blatch ta gama jami'ar Cornell a 1905, ƙungiyar injiniyoyin hanyoyi da gadoji ta karɓe ta a matsayin ƙaramar mamba. Da lokacin ɗaga ta zuwa mataki na gaba ya yi a 1916, sai suka ƙi. Ta kai su kotu, ta faɗi. Sai a 2015, shekara 99 bayan haka, ita kuma ta daɗe a kabari, ƙungiyar ta ba ta babban matsayinta.

Abin da ya buɗe ƙofar da faɗi a karon farko shi ne yaƙi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, mazan Ingila suka tafi fagen daga, masana'antun makamai suka rasa hannu. Dubban ɗaruruwan mata suka shiga, suna sarrafa injinan yankan ƙarfe, suna zana taswirar kayan aiki, suna cusa albarushi a harsashi har fatar wasunsu ta koma rawaya saboda gubar sinadarin. Sai dai tun 1915 gwamnati ta yi yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago na maza cewa wannan shiga ta wucin gadi ce. Ana gama yaƙi, majalisa ta yi doka a 1919 ta maido da tsarin da ake bi kafin yaƙi, aka sallami matan. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. A cikin wannan takaici ne wasu mata, ciki har da Katharine Parsons da 'yarta Rachel, suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta Ingila ranar 23 ga Yuni, 1919, ranar da a yau ake bikin mata injiniyoyi a duniya. Ita Rachel ta karanci injiniya a Kambirij, amma jami'ar ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948.

Labarin Edith Clarke ya nuna yadda takarda ke zama a hannu babu aiki. A 1919 ta zama mace ta farko da ta samu digiri na biyu a injiniyan lantarki daga makarantar MIT ta Amurka. Babu wanda ya ɗauke ta injiniya. Kamfanin General Electric ya sa ta kula da mata masu yi wa injiniyoyi lissafi da hannu. A 1921 ta bar ƙasar ta tafi Santambul koyarwa a wata kwalejin mata, sai a 1922 kamfanin ya kira ta ya ba ta muƙamin injiniya. Ta ƙirƙiro wata na'urar lissafi da ke sauƙaƙa warware matsalolin dogayen layukan wutar lantarki, kuma a 1947 ta zama farfesa a jami'ar Teksas. Yaƙin Duniya na Biyu ya maimaita abin da na ɗaya ya yi. A 1943 kamfanin ƙera jiragen sama na Curtiss-Wright ya tura ɗaruruwan 'yan mata jami'o'i bakwai, aka ba su horon wata goma a kan injiniyan jirgi. Yaƙi na ƙarewa aka sallami mafi yawansu. Har zuwa 1970, mata ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu kammala digirin injiniya a Amurka ba.

A daidai wannan lokaci, Rasha ta bi wata hanya dabam. Tun 1906 aka buɗe makarantar fasaha ta mata zalla a birnin Saint Petersburg, kuma a 1918 gwamnatin juyin juya hali ta buɗe dukkan manyan makarantu ga maza da mata. Daga 1928 Tarayyar Sobiyet ta shiga gina madatsun ruwa da masana'antun ƙarfe da layin dogo cikin gaggawa, tana neman injiniyoyi fiye da yadda mazanta za su iya cikewa. Yaƙin Duniya na Biyu ya ci mutanenta kimanin miliyan 27, akasarinsu maza. Gwamnati ce ke ba da gurbin karatu, ita ce kuma ke tura mutum wurin aiki in ya gama, saboda haka babu mai kamfanin da zai ce ba ya ɗaukar mace. Kafin shekarun 1970, fiye da kashi ɗaya cikin uku na injiniyoyin ƙasar mata ne. Kada mu ɗauka aljanna ce. Manyan kujerun shugabanci sun ci gaba da zama a hannun maza, kuma matar da ta wuni a masana'anta ita ce ke dawowa ta bi layin sayen abinci ta yi girki da wanki. Amma ƙasashe biyu a zamani ɗaya, ɗaya da kashi 1, ɗaya da sama da kashi 30, sun isa su nuna cewa adadin yana bin buƙatar gwamnati da tsarinta.

Ƙasashen Yamma sun motsa ne da doka ta tilasta. Amurka ta haramta nuna bambancin jinsi wajen ɗaukar aiki a 1964, sannan a 1972 ta haramta shi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Cikin shekara 15 adadin mata masu digirin injiniya ya tashi daga ƙasa da kashi 1 zuwa kusan kashi 15. A Faransa, Politeknik ta Faris ta yarda mata su zauna jarrabawar shiga a 1972, shekara 178 bayan kafa ta. Mata bakwai suka samu shiga, kuma wadda ta zo ta ɗaya a kan kowa da kowa a wannan jarrabawa mace ce, Anne Chopinet. Sai mutum ya tambayi kansa mata nawa irinta aka haifa suka tsufa suka mutu cikin waɗancan shekaru 178 ba a ba su takardar jarrabawa ba.

Buɗe ƙofar bai kashe ƙiyayyar da ke zukatan wasu ba. Ranar 6 ga Disamba, 1989, wani matashi ɗauke da bindiga ya shiga makarantar Politeknik ta Montreal a Kanada, ya shiga wani aji, ya umarci maza su fita, ya buɗe wa matan wuta, yana cewa ya tsani mata masu neman 'yanci. Ya kashe mata 14 a makarantar, 12 daga cikinsu ɗaliban injiniya. Har yau Kanada na zaman juyayi a wannan rana kowace shekara.

Kuma abin da ya hau yana iya sauka. A Amurka, mata sun kai kashi 37 na masu digirin kimiyyar kwamfuta a 1984. Bayan da kwamfuta ta shiga gidaje, ana tallata ta a matsayin abin wasan yara maza, adadin ya yi ta zamewa har ya koma kusan kashi 18. Alhali mata shida ne suka tsara wa ENIAC aikinta a tsakiyar shekarun 1940, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko na duniya.

Yanzu mu juya Indiya, inda labarin ya fi kusa da irin rayuwar da muka sani. An aurar da Ayyalasomayajula Lalitha tana shekara 15. Tana shekara 18 mijin ya rasu ya bar ta da jaririya 'yar wata huɗu, a al'ummar da ke tsananta wa matar da mijinta ya mutu. Mahaifinta malami ne a kwalejin injiniya ta Guindy da ke Madras, shi ya tsaya mata har aka karɓe ta, daga baya aka samu wasu mata biyu suka biyo ta. Ta kammala injiniyan lantarki a 1943, ta yi aiki a kan janaretocin madatsar ruwa ta Bhakra Nangal, kuma a 1964 ta halarci taron farko na mata injiniyoyi da masana kimiyya na duniya a Niyok. Ɗaya daga cikin waɗancan biyun, P. K. Thressia, ta zama babbar injiniyar ma'aikatar ayyuka ta jihar Kerala a 1971. Sudha Murty, wadda daga baya ta shahara da rubuta littattafai, ita kaɗai ce mace a kwalejin injiniyar da ta yi a Hubli, kuma ta sha ba da labarin cewa ko ban-ɗakin mata babu a makarantar. A 1974 ta ga sanarwar ɗaukar aiki ta kamfanin motoci na Tata wadda ta ce kada mata su nema. Ta rubuta wa shugaban kamfanin katin wasiƙa tana ƙalubalantarsa, aka kira ta ganawa, ta zama mace ta farko injiniya a wurin. A yau kusan kashi 30 na ɗaliban injiniya a Indiya mata ne. Manyan cibiyoyin fasaha na ƙasar, waɗanda ake kira IIT, sun daɗe a baya da kusan kashi 8, sai a 2018 aka ƙirƙiro ƙarin gurabe na mata ba tare da an rage na maza ba, aka yi ta ƙarawa har suka kai kashi 20.

To me ya sa Aljeriya da Tunisiya suka wuce Amurka da Japan? Wani babban dalili shi ne yadda ake raba guraben karatu. A waɗannan ƙasashe biyu, makin da ɗalibi ya samu a jarrabawar gama sakandare shi ne ke yanke fannin da zai iya shiga, ta hanyar tsari guda na ƙasa baki ɗaya. Yarinyar da ta ci lissafi da kimiyya sosai, tsarin da kansa yana nuna mata hanyar likitanci ko injiniya, iyaye kuma suna ganin darajar sunan da tabbacin abinci a cikinsa. Masu binciken zamantakewa Maria Charles da Karen Bradley sun duba ƙasashe 44 a wani aiki da suka fitar a 2009, suka lura cewa a ƙasashe masu arziki, inda ake gaya wa yaro ya zaɓi abin da ransa ke so, yara sukan zaɓi abin da al'umma ta riga ta koya musu cewa ya dace da jinsinsu. A Malesiya kuwa, ana kallon aikin kwamfuta a matsayin aikin ofis na cikin inuwa wanda ya dace da mace, shi ya sa azuzuwan suka cika da mata. Aiki ɗaya ne, a wata ƙasa a ce na maza, a wata a ce na mata.

Sai dai kada alƙaluman makaranta su ruɗe mu. A Aljeriya ɗin nan, matan da ke cikin kasuwar aiki ba su kai kashi 20 cikin 100 na matan ƙasar da suka isa aiki ba. Ke nan da yawa daga cikin masu digirin suna tsayawa a inda Alice Perry ta tsaya a 1907, takarda a hannu, muƙami a hannun wani. Kuma har a zamaninmu ƙofar tana motsi ta kowane ɓangare. Jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai a Saudiyya, wadda aka kafa a 1963, ta fara karɓar mata a digirin farko a 2021. A Iran, jami'o'i 36 sun rufe wa mata fannoni 77 a 2012, ciki har da na injiniya da dama. A Afganistan an hana mata shiga jami'a baki ɗaya tun Disambar 2022.

Mu ma muna cikin wannan tarihi. An kafa ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya a 1958, kuma ba ta samu shugaba mace ba sai Janairun 2024, da Margaret Oguntala ta hau kujerar. Joanna Maduka ce ta jagoranci kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta ƙasa, APWEN, a 1982. A Zariya aka fara koyar da injiniya a matakin digiri a ƙasar nan, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, watau makarantar tana ƙofar gidanmu. Babu dokar da ta hana 'yar Arewa shiga. Tamu ƙofar tana can baya, a ajin farko na babbar sakandare, ranar da ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na sauran fannoni. Hukumar JAMB ba ta ba mutum gurbin injiniya sai da lissafi da fiziks da kemistiri. Yarinyar da makarantarsu ba ta da malamin fiziks ko ɗakin gwaji, ko wadda aka ce mata ta bar wa maza wahalar lissafi, an gama yanke mata hukunci tana shekara 15, tun kafin ta san me injiniya ke yi. Tsohuwar jihar Kano ta gane muhimmancin wannan mataki da ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Na maza ne duka biyun, sai bayan wasu shekaru aka buɗe ta 'yan mata a Taura.

Abin da muke asara ba ƙarami ba ne. Garuruwanmu na fama da rashin ruwan famfo, da magudanun da ke toshewa kowace damina, da wutar da ba ta tsayawa, kuma masu gyara waɗannan injiniyoyi ne. Mata ne suka fi kowa sanin nisan rijiya da hayaƙin murhu, amma da wuya a same su a teburin da ake zana bututun ruwan unguwa. Ingila ta nemo matanta da yaƙi ya ci ta, Rasha ta nemo nata da ta rasa maza. Mu buƙatar ta daɗe da zuwa mana. Duk wanda ke da ƙanwa ko 'ya da ke aji uku na ƙaramar sakandare a bana, ya duba sakamakonta na lissafi, ya je makarantar ya tambaya ko akwai malamin fiziks, kafin ranar raba azuzuwa ta zo.